Ranar da man ƙwaƙwalwata ya ƙare ina kan keke

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a nan cikin Kano, shekarata 23 ina taka keke, kuma duk wanda ya san tela ya san goman ƙarshe na azumi ba tamu bace, ta masu kaya ce. Abin da zan ba da labari ya same ni ne a azumin 2024, wanda ya faɗo cikin zafin nan na Maris da Afrilu, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, duk da an sha ce min ba laifina bane. Ni dai nasan akwai nawa kason a ciki, zan zo kansa.

Tun 2021 aka ce min ina da ciwon suga. Fitsari ne ya dame ni, dare ɗaya sai in tashi sau biyar sau shida, ga ƙishirwa kamar na haɗiyi garwashi, ga rama, har uwargida ta fara zargin ko wata damuwa nake ɓoye mata. Da aka gwada aka ɗora ni kan magani kala biyu, metfomin da wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya gilibenkilamaid, aka ce in dinga dawowa ganin likita. Na je sau uku ko huɗu, daga nan layi ya ishe ni, kullum mutum ya rufe shago ya wuni a benci, sai na koma ina ɗaukar tsohuwar takardar in kai kemis a ba ni. To kun ji laifin nawa. Shekara biyu da wani abu ina shan magani da tsohuwar takarda, har na rage ƙiba na rage tuwon dare, amma maganin yana nan yadda aka rubuta shi ranar farko, kuma ko sau ɗaya ban taɓa tambayar wani yadda ake shan sa da azumi ba.

Ranar 26 ga azumi ce. Kwana uku ban yi baccin kirki ba, wuta babu, jen muke tayarwa, fetur kuwa tun da aka cire tallafi kowa ya san yadda yake, a kwalba muke siyo shi wajen 'yan bumburutu. Da asuba uwargida ta aiko min da sahur shago, shinkafa da wake, na buɗe na kalla na ji ko loma ba za ta shiga ba, sai na kora ruwa leda biyu da rabin kofin shayi, na watsa maganina kamar kullum na koma kan keke. Har ina jin daɗi a raina wai ai ko ba komai yau suga ba zai hau ba tunda ban ci komai ba.

Bayan azahar na fara jin wani iri. Gumi ya dinga keto min, ba irin gumin zafi ba, wani mai sanyi, rigata ta jiƙe sharkaf, zuciyata na bugawa fat fat, hannuna na rawa. Na ɗauki zare zan zura a allura, abin da ko ido rufe nake yi, na yi ya fi sau goma ya ƙi shiga, ramin allurar ma biyu nake gani. Nace yunwar azumi ce da rashin bacci, saura awa nawa ne a sha ruwa. Abu na ƙarshe da nake tunawa shi ne na shimfiɗa shaddar wani Alhaji a kan tebur, fara ƙal, yadi goma ta babbar riga, na ɗauki alli da tef. Daga nan shikenan, kamar an ɗauke wuta.

Sauran labarin ba ni aka yi. Wai na ajiye allin na ɗauki almakashi na shiga yanka shaddar nan ba awo ba zane, tun daga tsakiya, ina yi ina wata 'yar dariya. Yaran shago suka tsaya suna kallona, ba mai iya ce min kanzil don sun san halina. Ana haka sai ga Alhajin da kansa ya zo duba ko an fara masa aiki, kuma wannan bawan Allah aminin marigayi mahaifina ne, shi ya karɓa min auren uwargida, Baba nake ce masa, ban taɓa yi masa magana a tsaye ba. Yace kai lafiya, me nake gani haka? Wai sai na ɗago na nuna shi da almakashi nace dalla malam fita min daga shago, tsohon banza, har da wasu maganganun da yaran suka ƙi maimaita min har yau. Muryata wai ta yi nauyi, magana tana jan juna kamar ta mashayi, na miƙe zan bi shi na yi tangaɗi na zube kan buhun ƙyallaye.

Kun san layin teloli, kafin kace kwabo an cika ƙofar shago. Wani yace aljanu ne a kira mai ruƙiyya, wani yace ai jifa ne, shagon nan ya yi kasuwa da yawa bana, wani yace shanyewar ɓarin jiki ce. Amma maganar da ta fi yawo, wadda ta fi ci min rai daga baya, ita ce wai ƙwaya na sha, tiramol, don in iya kwana ɗinki. Kuma ba zan ga laifinsu sosai ba, don akwai masu yi a cikinmu, ba ƙarya bane.

A cikin yarana akwai wani ɗan ƙarami da muke kira Ɗan'auta, lokacin shekararsa 15, aikinsa shara da guga da sa maɓalli da siyo fetur, shekara biyu yana wajena ko almakashi ban taɓa bari ya riƙe ba, in ma gaskiya zan faɗa shi ne wanda na fi yi wa tsawa. Ashe kakarsa mai suga ce kuma shi ke kwana ɗakinta, ya sha ganin irin wannan. Yaron nan bai ce da kowa komai ba ya ruga shagon kusa ya fizgo lemon kwalba ko kuɗi bai biya ba, ya dawo ya tallafo kaina yana cewa Oga sha, Oga don Allah sha. Mutane suka yo kansa, kai yaro baka da hankali, mutum na azumi? Yace sugansa ne ya sauka wallahi, haka Hajiyarmu take yi. Allah ya sa lokacin da sauran hayyaci a jikina ina iya haɗiya, na sha kamar rabi, aka cusa ni a adaidaita sahu sai asibiti. Da suka soka min yatsa injin gwajin suga ya nuna 2.1, wato ya yi ƙasa sosai, kuma wannan bayan lemon ne fa. Aka yi min allurar ruwan suga ta jijiya, wallahi cikin 'yan mintuna na buɗe ido garau kamar wanda aka tasa daga bacci, ina tambayar waye ya cire min hula. Nace a sallame ni kayan mutane na jirana, likitan yace Malam ba inda za ka, wannan ƙaramar ƙwayar da kake sha tana daɗewa a jiki, sugan zai iya sake faɗuwa. Ai kuwa cikin dare ya sake sauka, sai da suka ƙara min wani ruwan. Kwana biyu na yi.

A gadon asibitin nan ne abin ya tsaya min a rai. Shekara uku ana tsorata ni da suga, kar ka sha wannan kar ka ci wancan, suga maƙiyinka ne, yau kuma an ce rashinsa ne ya sa na zagi uban gidana. Kuma me ya sa bai taɓa ƙafa ko ciki ba sai hankali? 'Yar yayata tana karatun yadda jikin ɗan'adam ke aiki a jami'a, ta zo dubiya da kular abinci, sai na tare ta da tambayar. Tace Kawu ka shirya ji? Nace ai ba inda za ni, an ɗaure ni da robar ƙarin ruwa.

Tace ƙwaƙwalwa nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, wajen kashi 2 cikin 100 na jiki, amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa in mutum na zaune, kuma kusan duk da suga take aiki, wanda suke kira gulukos. A rana tana shan kimanin giram 120, wato kamar cokalin shayi 30. Sannan tace Kawu ka san nawa ne sugan da ke yawo cikin jininka gaba ɗaya a lokaci guda? Nace mudu. Ta yi dariya tace cokalin shayi ɗaya ne, giram 4 zuwa 5. Hanta ce ke ta ƙara shi kaɗan kaɗan, ita ke da ajiya ta wajen giram 100, in ta ƙare kuma ta ƙera sabo, shi ya sa lafiyayyen mutum zai wuni da azumi hankalinsa garau. Ni kuma ƙwayar da na sha aikinta ta matsa wa fankiriyas, wata 'yar tsoka a bayan tumbi, ta fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, insulin ɗin ya dinga kwashe suga daga jini yana tura shi cikin tsoka da kitse, kuma ya hana hanta sakin nata. Nace to kitsen cikin nan nawa fa, ba ajiya bane? Tace ƙwaƙwalwa ba ta cin kitse kai tsaye, sai hanta ta juya shi ya zama wani mai da ake kira kiton, wanda ke riƙe mutum in yunwa ta yi kwanaki, to shi ma insulin in ya yi yawa toshe wannan hanyar yake. Wato an rufe gidan mai an kuma kori 'yan bumburutu, rana ɗaya.

Amma inda ta kama ni shi ne da ta ɗauko waya ta nuna min wani hoto, wasu abubuwa masu rassa ta ko'ina kamar tauraro, ko in ce kamar saiwar albasa da aka baje. Tace a ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, su ne masu aika saƙo, su ne ake yabo. Amma akwai wasu kusan yawansu ɗaya da ba sa aika irin wannan saƙon, ana kiransu giliya, wani Bajamushe Rudolf Virchow ne ya raɗa musu sunan a 1856, kuma ma'anar kalmar gam, don a zatonsa aikinsu kawai su manne jijiyoyi kar su watse. Na ce irin gam ɗin da muke mannawa a wuyan riga kenan, ba a ganinsa amma in babu shi wuya ya langaɓe. Tace ai sun wuce nan Kawu. A cikinsu akwai waɗannan masu kamar tauraron, astirosayit, kowace ɗaya tana miƙa wasu rassan ta naɗe ƙananan hanyoyin jini kamar an sa musu safa, wasu rassan kuma ta kai su daidai inda jijiya ke haɗuwa da jijiya. Hannu ɗaya a jini, hannu ɗaya a wajen aiki. Tun ƙarni na 19 wani Ba'italiye Camillo Golgi ya ga wannan a madubin likita yace anya waɗannan ba su ke kai wa jijiyoyi abinci ba?

Suga baya shiga ƙwaƙwalwa sakaka, akwai shinge tsakaninta da jini, sai ta wata ƙofa da suke kira GLUT1, wadda take jikin bangon hanyoyin jinin da kuma jikin taurarin nan. Tace akwai yaran da ake haifa da ƙofar nan ba ta aiki sosai, wani likita Darryl De Vivo ne ya fara bayyana cutar a 1991 a Amurka, sugan jininsu lafiya lau amma ƙwaƙwalwarsu na cikin yunwa, sai farfaɗiya tun suna jarirai, kuma maganin da ake musu shi ne abinci mai yawan mai da ƙarancin sitaci don jikinsu ya dinga yin kiton. Wannan ya daɗe yana min yawo a ka, yaro ga abinci a ciki ga suga a jini amma ƙofa ta hana.

To yaya tauraron yake sanin jijiya na buƙatar mai? Nan ne na ce mata dakata, wannan ai shagona kike ba ni labari. Tace duk sanda jijiya ta aika saƙo tana fesa wani sinadari, gulutamet, in an bar shi ya taru guba ne, to tauraron ne ke tsotse shi ya share wajen. Wajen tsotsewar gishirin sodiyam na biyo shi ciki, dole tauraron ya kashe ƙarfi ya fitar da shi, wannan ƙarfin da ya kashe shi ke sa ya ƙara jawo suga daga jini, ya farfasa shi ya zama laktet, irin abin nan da ke taruwa a tsoka in an yi gudu, sai ya miƙa wa jijiya ta ƙarasa ƙona shi. Wasu masana biyu, Luc Pellerin da Pierre Magistretti, su suka kawo wannan bayanin a 1994 a birnin Lozan na Siwizalan. Wato mai shara shi ne mai siyo fetur, kuma daga yawan ƙyallen da yake sharewa yake gane yau Oga na aiki da yawa, tun ba a aike shi ba ya ɗauki jarka. Wallahi tana faɗa fuskar Ɗan'auta nake gani.

Sannan 'yar ajiyar suga da ƙwaƙwalwa ke da ita, gilaikojin, kusan duk a cikin taurarin take, ba a jijiyoyin ba, kuma duk ƙwaƙwalwar bata fi giram 1 ko kusa da haka ba. Irin kwalbar fetur ɗin nan ce da muke ɓoyewa ƙarƙashin teburin guga, za ta ƙarasa maka wuyan riga ɗaya amma ba za ta kai ka asuba ba. Ni ranar nan yaran sun miƙa hannu jini ba komai, sun juye kwalbar ta ƙare. Kuma tace sassan da ke auna magana da kunya da sanin ya kamata suna cikin waɗanda ke fara lalacewa, numfashi da bugun zuciya su ne na ƙarshe, shi ya sa mutum zai iya tsayawa da ƙafarsa yana zage-zage alhali ba ya nan.

Abin da ya burge ni da yarinyar nan bata cika baki ba, tace Kawu maganar laktet ɗin nan fa har yau masana na jayayya a kai. Su ma jijiyoyin suna da tasu ƙofar, GLUT3, suna iya ɗaukar suga da kansu, kuma a 2017 wasu a jami'ar Harvard sun nuna cewa in aka motsa jijiya da kanta take ƙara farfasa suga ba sai ta jira an miƙo mata ba. A ɗaya ɓangaren kuma a 2011 an gwada a ɓeraye, da aka toshe hanyar laktet daga tauraro zuwa jijiya sai suka kasa riƙe abin da suka koya zuwa washegari, a 2016 kuma wasu a birnin Munik na Jamus suka cire wa taurarin ɓeraye abin da suke jin insulin da shi, sai sugan da ke shiga ƙwaƙwalwarsu ya ragu. Ni dai tela ne ba zan raba musu gardama ba, amma a ganina duk biyun za su iya zama gaskiya, ni ma ai wani lokaci da kaina nake zuba mai a jen, wannan bai sa na iya ɗinkin sallah ba yara ba.

Ta kuma ja min kunne kan abu biyu. Tace in injin ya nuna ƙasa da 3.9, ko 70 a injinan da ke ƙirga da manyan lambobi, in sha abu mai zaƙi nan take, kamar suga cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa ko rabin kwalbar lemo, in jira minti 15 in sake gwadawa. Sannan tace abin da Ɗan'auta ya yi daidai ne kawai don ina iya haɗiya, in mutum ya sume gaba ɗaya ba a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa ya tafi huhu, a kwantar da shi ta gefe a ruga asibiti. Wannan na tara yaran shago duka na maimaita musu, har da maƙwabta.

Sallar nan kaya da yawa ban gama ba, na sha zagi, wasu kwastomomin har yau ba su dawo ba, maganar ƙwaya kuma ta kai wata uku tana bina, har surukata sai da ta kira uwargida gefe ta tambaye ta. Washegarin sallah na ɗauki yayana muka je gidan Alhaji, na durƙusa a zaure na kasa ɗago kai, na ajiye kuɗin shaddar a gabansa da takardar asibiti. Ya daɗe bai ce komai ba sannan yace ɗauke kuɗinka, na yafe, amma da ubanka na raye da sai ya mare ka, ba don zagin ba, don wasa da magani da ka yi. Na roƙe shi da ƙyar ya karɓi rabi.

Azumin 2025 tun watan Sha'aban na koma asibiti na bi layin da nake gudu, likita ya cire min waccan ƙwayar ya canza wata, ya tsara min wanda zan sha da buɗa-baki da wanda zan sha da sahur, na sayi injin gwaji, na kuma tambayi limaminmu yace soka yatsa baya karya azumi, kuma mara lafiya Allah da kansa ya yi masa rangwame a cikin suratul Baƙara, ya sha ya rama. Sau ɗaya injin ya nuna min 3.6 wajen ƙarfe biyar na yamma, saura kaɗan a kira salla, raina ya so in daure, Ɗan'auta ya tsaya a kaina da gwangwanin maɓallai wanda yanzu suga mai ƙwaya yake ajiyewa a ciki, bai ce komai ba ya dai ƙi matsawa. Na jefa huɗu a baki. Bayan sallah na rama.

Shaddar Alhaji kuwa tana nan na ninke ta a ƙasan kanta wata da watanni, bana son ko ganinta. Ran nan na ciro ta na baje, na ga duk da ɓarnar da na yi za ta fitar da kaftani da wando na yaro in an bi a hankali. Na kira Ɗan'auta na miƙa masa tef da alli nace auna kanka, sannan na zaro almakashina daga aljihun keke na ba shi. Ya tsaya yana kallona yace Oga ni? Nace da wa nake. Hannun hagun ya ɗan fi na dama tsawo, amma da ita ya je idi.